Turbobin Filato da Mutanen da Suka Taka Su



Matafiyin da ya taso daga Akwanga ya nufi Jos yakan san ya iso Filato tun kafin wani allo ya faɗa masa. A Hawan Kibo titi yake fara lanƙwasa yana hawa, manyan motoci su koma rarrafe, kunne ya ɗan toshe, iskar da ke shigowa ta taga ta juya daga zafi zuwa sanyi. Garin Jos yana zaune ne a tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, alhali Kano ba ta kai mita 500 ba. Wannan ratar ce ta haifar da sanyin da ake kwatance da shi, ita ce ta sa dankalin turawa da kabeji da karas suke yi a nan kamar a gidansu, kuma ita ce ta sa ƙasar ta dace da mai son tafiya a ƙafa, domin mutum zai iya wuni yana tattaki rana ba ta galabaitar da shi ba.

A 'yan shekarun nan an ga wani sabon abu a Jos. Da sassafen Asabar matasa sukan taru, ɗalibai da ma'aikatan banki da masu yi wa ƙasa hidima, kowa da jakar goyo da gorar ruwa, su ɗunguma zuwa bayan gari su hau dutse, su dawo da yamma da hotuna cike da waya. Abin farin ciki ne, kuma ya cancanci a ƙarfafa shi. Sai dai akwai wata tambaya da ba a cika yi ba: turbar da suke bi, wa ya fitar da ita? Ba gwamnati ba ce, ba kuma ƙungiyar masu yawon buɗe ido ba. Ƙafar manomi ce, da ta mai ɗebo itace, da kofaton saniya, da ta leburan kuza. Turbobin nan suna da masu su, kuma har gobe masu su ɗin suna nan suna bin su zuwa gona da rafi da kasuwa. Wannan harka ta tattaki za ta ɗore ne gwargwadon yadda mutanen ƙauyukan da ke bakin turba suka ga nasu rabon a cikinta, kuma a kan wannan ne laccar yau za ta tsaya.

A fara da Shere, domin nan ne kowa ya fi sani. Jerin duwatsu ne da ke gabas da Jos, tazarar kilomita goma ko makamancin haka, a ƙasar Afizere waɗanda Hausawa suka fi sani da Jarawa. Ƙololuwarsu ta kai mita 1,829, wato sama da mita 600 ke nan a kan garin Jos ɗin kansa. Daga nesa mutum zai ɗauka dutse ɗaya ne. Sai ya shiga ciki zai tarar da tuddai bayan tuddai, da kwaruruka masu duhuwar itatuwa, da 'yan filaye inda aka shuka acca da gero a tsakanin manyan duwatsu.

Hawan yakan fara da sauƙi. Turba tana ratsa gonaki, hagu da dama shingen ƙerana ne, wanda mutanen Filato suka daɗe suna kewaye gida da gona da shi. Ɗan jagora zai ja kunnen baƙo kada ya karya reshensa, domin farin ruwan da ke fita daga ciki in ya taɓa ido ba a kwana lafiya. Daga nan ƙasa ta ƙare, a shiga fallen dutse. A nan ne turba take ɓacewa, tunda dutse ba ya riƙe sawu. Ɗan ƙauyen yana gane hanya ne da abubuwan da baƙo ba zai lura da su ba: inda gansakuka ta goge saboda yawan takawa, wani tsagi da ake sa ƙafar hagu a ciki kafin a miƙa hannu, wata bishiyar ɓaure da ta tsiro a tsaga wadda ake zagayawa ta bayanta. Akwai wuraren da dole a cire jaka a miƙa wa na gaba, a bi ta ƙarƙashin dutsen da ya jingina da ɗan'uwansa, ana jin warin kashin rema da sanyin da bai taɓa ganin rana ba. Rema kanta tana can a sama tana shan hantsi, da ta ji motsi sai ta faɗa rami. Wanda bai saba ba, cinyarsa za ta fara rawa tun kafin a yi rabi, kuma sauka ta fi hawa cin gwiwa. Hausawa suka ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma a kan fallen Shere maganar ba ta buƙatar sharhi.

Wanda ya kai sama yana tsaye ne a ɗaya daga cikin manyan mararrabar ruwa ta Najeriya. Ruwan saman da ya sauka a tudun Filato yakan rabu uku. Wani ya bi kogin Kaduna ya faɗa Neja. Wani ya bi Gongola ko Mada ya faɗa Binuwai. Wani kuma ya bi Dilimi, rafin nan da ya ratsa tsakiyar Jos, ya zama kogin Jama'are, ya shiga fadamun Haɗeja da Nguru, ya nufi Tafkin Chadi ta kogin Yobe. Saboda haka manomin shinkafa a Jama'are da masunci a Gashuwa suna da alaƙa da itatuwan da ake sarewa ko ake bari a kwarin Shere, ko da ba su taɓa jin sunan wurin ba.

Hawan Shere a matsayin horo ma ba sabon abu ba ne. Cibiyar horar da matasa kan zama ɗan ƙasa nagari da shugabanci, wadda kowa ya fi sani da Man O' War, tana da makarantarta ta dutse a gindin Shere. Asalinta a Kamaru ne, a gaɓar teku kusa da garin da a lokacin ake kira Victoria, inda aka kafa ta a 1951 ƙarƙashin jagorancin wani Bature mai suna Alec Dickson. Da Kudancin Kamaru ya rabu da Najeriya a 1961 sai aka dawo da horon Filato, aka fara zama a Kurra, daga baya aka kafu a Shere. Dubban ɗalibai da ma'aikata da jami'an tsaro sun ratsa ta wurin, sun koyi hawa da igiya da kwanan daji da karanta taswira. Ke nan jihar tana da wata taska da jihohi da yawa ba su da ita: malaman da suka san aikin dutse, a daidai inda ake buƙatar su.

Amma turbobin sun girmi makarantar nesa ba kusa ba. Ƙabilun Filato da yawa, Birom da Afizere da Anaguta da Irigwe da Angas da Mwaghavul da Ron da sauransu, sun zauna a kan duwatsu ko a gindinsu ƙarni bayan ƙarni, domin dutse garkuwa ne a zamanin hare-haren neman bayi. Kowane ƙauye yana da hanyarsa ta zuwa ruwa, da ta zuwa gona, da ta gudu. A ƙasar Bokkos, a wurare irin su Butura da Tading da Forof, har yau akwai tsofaffin gadoji na dutse da aka jera a kan rafuka ba tare da siminti ba, an bar ƙofofi ruwa yana wucewa ta ƙasa, mutum da dabba suna wucewa ta sama. Suna cikin jerin kayan tarihi na ƙasa da hukuma ta amince da su. A can kudu kuma, a bakin gangaren tudun, mutanen Kofyar sun mayar da jikin dutse gonaki hawa-hawa, kowane hawa an tokare shi da jerin duwatsu don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Wani masani ɗan Amurka, Robert Netting, ya zauna cikinsu ya rubuta littafi a kan nomansu a 1968, kuma har yanzu masu nazarin noman ƙananan manoma suna komawa gare shi. Wanda ya bi turba ta cikin irin waɗannan gonaki yana tafiya ne a kan aikin hannun kakannin mutanen da zai gaisa da su a hanya.

Fulani makiyaya sun ƙara nasu layin a kan wannan taswira. Tudun yana da ciyawa da ruwa, kuma babu tsando kamar a kwarin Binuwai, shi ya sa suka yawaita a nan tun farkon ƙarni na 20. Burtalin da shanu ke bi tsakanin shingayen gonaki zuwa mashaya, shi ne sau da yawa hanyar da mai tattaki yake samu mafi faɗi da sauƙi.

Sai kuza, wadda ta sauya fuskar ƙasar fiye da komai. Tun kafin Bature ya zo, maƙeran Ririwai ta ƙasar Kano da 'yan'uwansu na Ririwan Dalma suna wanke baƙin yashin nan suna narka shi, suna fitar da dalma sirara-sirara kamar tsinke, fatake suna kai ta kasuwanni masu nisa. Wannan dalmar ce ta jawo hankalin kamfanin Neja, ya aiko masu bincike a farkon shekarun 1900 su nemo tushenta. Kafin jirgin ƙasa ya iso, a kai ake ɗaukar kuza: ayarin 'yan alaro suna sauka daga tudun da buhuna, su yi kwanaki suna tafiya har Loko a bakin Binuwai, inda jirgin ruwa yake jira. Sai a 1914 ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso Jos da Bukuru, a 1927 kuma babban layi ya hawo daga Kafanchan. Ƙaramin layin an rufe shi a 1957. Leburori sun kwararo daga Kano da Katsina da Bauchi da Borno da ƙasar Tibi da kudu, aka kafa barikoki waɗanda sunayensu suka zama sunayen garuruwa, irin su Barikin Ladi da Sabon Gida da Dorowa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila, sai Turawa suka juyo kan Filato da ƙarfi. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi aikin tilas, aka kwaso dubun dubatar talakawa daga lardunan Arewa, da yawansu sanyi da yunwa da cuta suka kashe su. A 1943 ne haƙar ta kai ƙololuwarta. Ya kamata duk wanda zai zagaya da baƙi a wannan ƙasa ya san wannan tarihi ya kuma faɗe shi, domin akwai iyalai a Kano da Sakkwato da kakansu ya tafi Jos bai dawo ba.

Abin da kamfanoni suka bari bayan kasuwar kuza ta faɗi shi ne abin da baƙo yake kira tafkunan Jos. Ɗaruruwan ramuka ne da manyan injuna suka haƙa, ruwan sama da na ƙasa suka cika su. A gefensu tulin jar ƙasa da farar ƙasa da zaizaya ta tsattsaga, da dazuzzukan itacen turare da aka dasa daga baya don a farfaɗo da ƙasar. Da yamma, in iska ta kwanta, ruwan yakan yi shuɗi ko kore, kuma babu mai musun kyansa. Tafkin Rayfield, inda ake shiga kwalekwale ana shaƙatawa, ɗaya ne daga cikinsu. Wasu kuma sun zama jarin masu lambu: da rani za a ji ƙarar injin ban-ruwa tun asuba, tiyo ya miƙe daga tafki zuwa fadama, tumatir da kabeji da latas da koren wake suna fita zuwa Abuja da Legas.

Kyan nan yana da haɗarinsa, kuma a nan ne sanin ɗan gari yake zama batun rai da mutuwa. Tafkin kuza ba ya da gaɓa mai sauka a hankali irin ta kogi. Taku biyu daga baki mutum zai iya samun kansa a zurfin da ya fi tsayin bene, ruwan ƙasa da sanyi ƙarara, gindin kuma laka ce mai riƙe ƙafa. Yara da dabbobi da matasa masu ganin sun iya iyo sun sha halaka a ciki. Ban da wannan akwai loto, wato rijiyoyin da masu haƙar hannu suke yi har yau suna bin jijiyar kuza a ƙarƙashin ƙasa. Bakin loto bai fi faɗin rijiyar gida ba, zurfinsa kuwa yakan kai gaba da yawa, kuma in an gama da shi ba a cika rufewa ba. Da damina ciyawa takan lulluɓe shi sarai. Mutumin ƙauyen ya san inda kowanne yake, saboda wataƙila shi ko ƙanensa ne ya haƙa. Masana sun kuma nuna cewa dusar da ta rage bayan an tace kuza tana ɗauke da ma'adanai masu fitar da tururin nukiliya fiye da ƙasar da ke kewaye, don haka tulin yashin nan ba wurin shimfiɗa tabarma a ci abinci ba ne.

Ba duk ruwan Filato ne ramin kuza ba. A Kurra akwai madatsun da kamfanin lantarki na NESCO ya gina don bai wa ma'adinai wuta. Kamfanin ya fara aiki a 1929, kuma tafkunan da ke bayan madatsun suna kwance a tsakanin tuddai masu ciyawa. A ƙasar Mangu, wajen Kerang da Ampang, akwai jerin tsofaffin duwatsu masu aman wuta da suka daɗe da mutuwa, kuma a bakin ɗaya daga cikinsu, Pidong, ruwa ya taru ya zama tafki a saman dutse. Daga maɓuɓɓugar wannan yanki ne ake ɗura ruwan Swan. A Assop, gefen Hawan Kibo, ruwa yana zubowa daga kan dutse cikin kurmi mai duhu. Wanda ya sauka daga tudun gaba ɗaya zuwa ƙaramar hukumar Qua'an Pan zai sami gandun dajin Pandam, wanda aka keɓe a 1972, mai faɗin murabba'in kilomita 224, da tafkinsa mai dorina da kada da ayu. A 2008 an sa tafkin tare da na Wase a jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci. Dutsen Wase kansa, wanda ya miƙe shi kaɗai a tsakiyar fili, yana cikin 'yan wuraren da kwasakwasa ke yin sheƙa a wannan sashe na Afirka. Can ƙasa kuwa zafi ne, kuma ƙasar kububuwa ce, shi ya sa asibitin Zamko da ke Langtang ya yi suna wajen jinyar saran maciji. Takalmin da ya rufe idon sawu a can wajibi ne.

Wurin da ya fi dacewa a tsaya a yi nazari shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsu. Dajin Amurum, kusa da ƙauyen Laminga a ƙaramar hukumar Jos ta Gabas, bai wuce hekta 300 ba. Mutum zai iya zagaya shi a wuni ɗaya. Duk da haka an ƙidaya nau'in tsuntsaye wajen 300 a ciki. Dalili shi ne ya haɗa abubuwa uku a wuri ɗaya: fallen dutse, da saura mai gajerun itatuwa, da kurmi a bakin rafuka. Kuma ya tsira ne saboda mutanen Laminga sun daɗe suna girmama shi ba sa barin a sare shi, a lokacin da gatari ya cinye dazuzzukan da ke kewaye.

A farkon shekarun 2000 aka kafa cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a bakin dajin, bisa yarjejeniya tsakanin Jami'ar Jos da gidauniyar kare muhalli ta Najeriya da gidauniyar Leventis da kuma al'ummar Laminga. A lura da na ƙarshen nan: an sa ƙauyen a cikin masu yarjejeniyar, ba a cikin 'yan kallo ba. Cibiyar tana ba da digiri na biyu a fannin kare halittu, ɗalibanta sun fito daga ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, kuma 'yan yankin suna aiki a ciki a matsayin masu gadi da mataimakan bincike. Wasunsu sun kai ga gane tsuntsu da kukansa kawai, gwanintar da masu digiri suke zuwa koyo a wurinsu.

Akwai wasu tsuntsaye biyu da suke jawo masu kallo daga Turai zuwa wannan ɗan daji. Na farko ɗan mitsitsin jan tsuntsu ne, dangin waɗanda ke tsintar tsaba a tsakar gida, amma shi a cikin duwatsu yake zama. Sai a 1998 masana suka tabbatar cewa nau'i ne mai zaman kansa. Na biyu baƙi ne mai sheƙi, kuma ba ya gina sheƙa ko kaɗan. Macen takan faki idon jan tsuntsun ta saka ƙwanta a cikin nasa. Ɗan da aka ƙyanƙyashe yana da zane a cikin baki irin na 'ya'yan masu gida, don haka suke ciyar da shi ba su gane ba. In ya girma, namijin yana rera kukan waɗanda suka rene shi, macen kuma da wannan kukan take gane mijin da ya dace da ita. Wannan baƙin tsuntsu sunan Filato yake ɗauke da shi a littattafan masana na duniya. Baƙon da aka tsayar a gindin dutse da hantsi aka nuna masa su biyun, aka ba shi wannan labari, ba zai ga kuɗin jagora sun yi masa yawa ba.

Gandun namun daji na Jos, wanda aka kafa a 1972 zamanin gwamna Joseph Gomwalk a fili mai murabba'in kilomita takwas, ya fi Amurum girma da suna. Amma shi na gwamnati ne zalla, lafiyarsa tana bin kasafin kuɗi, gari kuma ya taso ya kewaye shi. Amurum yana da abin da kasafi ba ya saye, wato maƙwabtan da suke ganin dajin nasu ne.

Yanzu a dubi abin da yake faruwa a yawancin turbobin da ba su da irin wannan tsari. Motoci sukan sauke mutum hamsin ko ɗari a bakin ƙauye, ba sallama wurin mai unguwa. An sayo ruwa da abinci daga gari, jagoran ma daga gari aka zo da shi. A ratsa ta tsakiyar gonar acca, wadda baƙo yake ɗauka ciyawa ce saboda ƙanƙantarta, alhali abincin shekara ne na wani gida. A bar ledar ruwa da robar lemo a kan dutse, saniya ta haɗiye leda ta kumbura. A shiga kurmin da masu gari ba sa shiga sai da dalili, a ɗauki hoton tsohuwa da kayan itace a kai ba a tambaye ta ba, a rubuta suna da fenti a jikin dutse. Da rani guntun sigari ɗaya ya isa ya tayar da gobarar da za ta cinye ciyawar jinka da abincin dabbobi. Da yamma motoci su tafi, ƙauyen bai ga ko sisi ba. Duk mai hankali ya san ƙarshen wannan: wata rana za a zo a tarar an tare hanya da ƙaya, kuma masu tarewar suna da gaskiya.

Ba za a yi wannan magana a tsallake batun tsaro ba. Jihar da take kiran kanta gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido ta sha zubar da jini tun rikicin Jos na Satumbar 2001, da na 2008 da 2010, har zuwa hare-haren jajibirin Kirsimeti na 2023 a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi. Musulmi da Kirista, manomi da makiyayi, kowane ɓangare ya binne nasa. Wasu daga cikin wurare mafiya kyau da aka ambata a nan suna cikin yankunan da abin ya fi shafa, kuma zai zama rashin amana a tura baƙi can ba tare da an tambayi masu wurin halin da ake ciki a wannan makon ba. Tattaki ba zai warware rikicin ƙasa da kiwo ba. Abin da zai iya yi ƙarami ne amma na gaske ne: a garin da unguwanni suka rabu bisa addini, ayarin Asabar yana cikin 'yan wuraren da saurayi daga Unguwar Rogo da wani daga Tudun Wada suke miƙa wa juna hannu a kan tsagin dutse. In kuma turba ta ratsa ƙauyen manoma ta wuce ta rugar Fulani, aka sayi gasasshiyar masara a nan aka sayi nono a can, to ɓangarorin biyu suna da abin da za su rasa in hanyar ta mutu.

Abin da ake buƙata bai kai tsadar otal ɗaya ba. Aikin farko na zama ne: masu shirya tattaki su je gaban dagaci da masu unguwanni da arɗo, a fayyace inda turba za ta bi da inda ba za ta bi ba, wane kurmi ne haramun, wane wata ne gona take rufe hanya. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, amma a ƙauye kowa ya san gonar wane ce, kuma takardar da aka sa wa hannu a Jos ba za ta buɗe shingen ƙerana ba in mai gonar bai yarda ba. Bayan an daidaita, sai a bi turbar da na'urar taswira ta waya a zana ta, a sa alama da fenti a wuraren da aka amince, a rufe ko a kewaye bakin loto da ke kusa. Sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Jos yana da ɗaliban da suke neman aikin kammala karatu kowace shekara. Ga aiki nan a bayan gidansu.

Jagora kuwa ya zama ɗan ƙauyen, da kuɗin da aka yanka aka sani, wani kaso nasa wani na asusun gari. Makarantar Shere za ta iya koya masa taimakon gaggawa da aikin igiya cikin makonni kaɗan, cibiyar Amurum ta koya masa tsuntsaye da itatuwa, tarihin kuwa yana wurin kakarsa. Matan gari su dafa gwate da dankali a wurin sauka maimakon a shigo da shinkafa a roba daga Jos. Gyaran turba bayan damina, cike inda ruwa ya ci da jera dutse a wurin santsi, aikin gayya ne da mutanen dutse suka iya tun fil azal. Wanda yake shakka ya dubi Sukur a Adamawa, inda hanyoyin da aka shimfiɗe da dutse suke hawa har fadar sarki a saman tsauni. Suna cikin abubuwan da suka sa UNESCO ta sa wurin a jerin kayan tarihin duniya a 1999, wuri na farko a Najeriya da ya sami wannan matsayi, kuma hannun talakawan wurin ne ya shimfiɗa su.

Har lokacin fita ma masu gari ne suka fi sanin sa. Daga Afrilu zuwa Oktoba damina ce. Ƙasa takan yi kore shar, amma fallen dutse yana santsi, rafin da aka tsallake da safe zai iya hana komawa da la'asar, hadari yana haɗuwa cikin rabin sa'a, tsawa kuma tana neman wanda ya fi kowa tsayi a kan tudu. A Disamba da Janairu hazo yakan rufe nesa, sanyin asuba yana fasa leɓe, ciyawa ta bushe tana jiran wuta. Tsakanin ƙarshen Oktoba da Nuwamba ne ake samun sararin sama garau, magangarun ruwa suna da ƙarfinsu, tsuntsayen da suka tsallako Sahara daga Turai sun iso. Sai dai lokacin ne kuma na girbi da haƙar dankalin ƙarshe, lokacin da kowane hannu a gida yake da aiki. Saurayin da zai bar gonar mahaifinsa a irin wannan rana don ya raka baƙi Shere, dole abin da za a ba shi ya isa a ɗauki ɗan ƙodago a madadinsa, kuma daga wannan lissafin ya kamata a fara yanka kuɗin jagora.